Ka Ƙara Ruwa a Farar Ƙasa

Ran Litinin da ta wuce ina shiga ofishin malamai na ji Malam Bishir yana gaya wa sauran sababbin malamai cewa kakarsa ta yanke saƙa, an ba shi darasin zane tunda ni zan ajiye aiki ƙarshen zangon nan. Ya ce, "Mi ke cikin zane? Ka raba masu takarda, ka ce su zana mangwaro, ka zamna kana danna waya har a buga ƙararrawa." Suka yi dariya. Da suka gan ni a bakin ƙofa, dariyar ta koma tari.

Ban tanka ba, don na san halina, in na buɗe baki a tsaye ba na iya rufe shi. Na ce bari in zauna in rubuta maka, kai Bishir, abokanka ma su leƙa in suna so. Shekara talatin da 'yan kai ina wannan aiki a makarantar nan, kuma ina gaya maka kallon kitse kake yi wa rogo. Ba laifinka ba ne. Tarihi ka karanta, aka duba jadawali aka ga kana da sarari, aka ce je ka riƙe zane. Da lissafi ne babu wanda zai yi haka. Amma zane, a ganinsu, duk mai yatsu biyar ya iya.

Sunan aikin ma bai bar mu mun huta ba. Wata safiya ina jiƙa jar ƙasa a bokiti sai ga wani mutum ya shigo harabar makaranta a kan babur, ya goyo yaro ɗan aji ɗaya, tsumagiyar bedi, wato darbejiya, na soke a bayan sirdi. Sunansa Malam Isiyaku, ɗan acaba ne, yana haya a Kambarawa. Daga wani ƙauye suka taso da iyalinsa, ba don suna so ba. Muka gaisa, ya tambayi aiki, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, sannan ya ce:

"Allah gafarta Malam, kai ne malamin zane?"

Na ce ni ne.

"To alhamdu lillahi. Ga shi nan, sunanshi Sama'ila. Ka zane mani shi. Ni hannuna ya gaji."

Ya miƙo mini tsumagiyar da hannu biyu. Na tambaye shi abin da yaron ya yi. Ya ce ya cika bangon mai gidan hayarsu da gawayi, babura da bishiyoyi da tukwane, har mai gida ya ce in bai bari ba su nemi wani wuri. Na ce masa, "Malam Isiyaku, zanen nawa ba na bulala ba ne. Irin wanda ɗanka ke yi a bango, shi nake koyarwa." Ya dube ni, ya dubi bokitin jar ƙasa. Can ya ce, "Ashe wajen mai laihin na kawo ƙara."

Muka rabu a kan cewa zan riƙa ba yaron takardar buhun siminti ya yi zanensa a kai, ya bar bangon mutane. Tun daga ranar in Malam Isiyaku ya gan ni a hanya sai ya tsaya ya ce in hau, kuma ko na yi rantsuwa ba ya karɓar komai. Ka riƙe sunansa, zai dawo.

Ni ba a kwaleji na koyi aikin nan ba, takarda kawai na karɓo a can. A Ƙofar Ƙwaya na koya, wurin Malam Sada mai rubuta allunan shaguna, Allah ya jiƙansa. Wata biyu cur bai bar ni na rubuta harafi ɗaya ba. Tsohuwar jarida zai shimfiɗa mini, ya ce in ja layi a tsaye daga sama har ƙasa da burushi, ba rula. In na gama in wanke burusai da kananzir, in matse su, in jera su kai sama. In layi ya karkace ba ya duban hannuna, idona yake duba. Yakan ce, "Ido ne maigida, hannu bara ne. Kai baranka kake duka, alhali maigidan ne ke barci."

Akwai wani aiki da muka yi da shi wanda ban manta ba. Wani tela ya karɓi shagon da mai sayar da fura ya bari, yana so a shafe tsohon suna a rubuta nasa kafin Juma'a. Malam Sada ya ce sai an kankare bangon, a yi shafi uku. Tela ya ce ba shi da wannan lokacin, a yi shafi ɗaya da farar ƙasa a wuce wurin. Aka yi masa yadda yake so. Bango ya bushe fari fat, muka rubuta sunansa da shuɗin fenti. Da damina ta kankama bangon ya sha ruwa, sai ga tsohon rubutun ya fito a ƙarƙashin nasa, mutane suna zuwa da kwano suna tambayar fura a shagon ɗinki. Tela ya zo yana faɗa. Malam Sada bai ko ɗaga kai daga allon da yake rubutawa ba, ya ce, "Na gaya maka. Farar ƙasa ba ta riƙe asiri. In ta sha ruwa sai ta tona."

Yanzu bari in gaya maka abin da za ka tarar. Yara sun haura saba'in a aji. Darasinka ko dai na ƙarshe ne, lokacin da yunwa ta cinye su, ko kuwa wanda ake fasawa in za a yi shara ko taron malamai. Fensir ɗaya tsakanin yara uku. Kayan launi kuwa, ka manta da su, babu wanda zai sayo maka. Da hannunka za ka yi. Baƙi daga gawayi ake samu, a daka shi lukui, a tankaɗe da tsohon ɗankwali, a kwaɓa da ruwan ƙaro. In ƙaron ya yi yawa zane ya tsage in ya bushe, in ya yi kaɗan ya bi tafin hannun yaro ya tafi gida. Ja daga jar ƙasa, rawaya daga gangamau, shuɗi daga shunin wanki. Zoɓo yana ba da launi mai kyau ranar farko, bayan sati ya koma kamar dauɗa, don haka kada ka yi aikin da kake so ya daɗe da shi. Burushi kuma asuwaki ne. Kowane yaro ya tauna bakin nasa har ya yi laushi, ka bi da reza kana gyara musu baki ɗaya bayan ɗaya. Ka yi wa yara saba'in wannan kafin a buga ƙararrawa, sannan ka zo ka gaya mini inda ka samu lokacin danna waya.

Duk wannan ma shiri ne, aikin bai fara ba. Darasina na farko ga kowane sabon aji buta ce. Ina da wata tsohuwar butar ƙarfe, ta lotsa a gefe ɗaya, hannunta an ɗaure da waya. Nakan ɗora ta a kan tebur in ce su zana. Duk su duƙa, babu mai ɗaga kai. Bayan minti goma sai ka ga butoci saba'in lafiyayyu, babu lotsawa, babu waya. Butar da ke cikin kansu suka zana, ba wadda ke gabansu ba. Sai in ɗauki ta gaskiyar in zagaya da ita layi layi, in ce, "Wagga ce kuka zana? Ina ciwonta?" Zango guda nake yi kafin yaro ya yarda ya dubi abu ya ga yadda yake, ba yadda aka gaya masa yake ba. Ranar da ya fara zana lotsawar nan, ranar ya shigo ajina. Wannan shi ne abin da nake koyarwa, kuma har yau ban ga fom ɗin da ya tanadar masa gurbi ba.

Tunda na ambaci fom, mu zo kan masu duba makarantu.

Duk shekara akwai sati ɗaya da nake zama babban mutum a makarantar nan, shi ne satin da aka ji ƙishin-ƙishin masu dubawa za su zo. Malamin da bai taɓa amsa gaisuwata da kyau ba sai ka ji yana, "Baba Malam Rabe, an tashi lahiya? Ya gida? Ya yara?" Na san akwai kwalin da yake so in zana masa a bayansa. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuwa ranar muke nemo wuƙar. Ni ne zan shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa, ni ne gindin bishiyoyi. Ni ne zan sake rubuta allon sunayen malamai, da jadawali, da taken makaranta a bakin ƙofa. Malamin kimiyya yana son zuciya da huhu a bangon ajinsa. Malamin labarin ƙasa yana son taswira da koguna. Malamar Turanci tana son haruffa masu ƙugiya. A satin nan ajina ba ya ganina, ina kan tsani. Wato don a nuna ana koyarwa a makaranta, sai an dakatar da darasina.

Ɗakin zane shi ne na ƙarshe a jerin gabas. Da sito ne, na roƙa aka ba ni, na kwashe karyayyun kujeru da kaina. Bangonsa na gabas, wanda ruwa ke duka, shi muke kira bangon ƙofofi. Na san garinmu, na san iyayen yara, don haka ban taɓa sa yaro ya zana fuskar mutum a bango ba. Abin da na tsara shi ne, duk wanda zai gama aji uku zai zana ƙofar gidansu, girman tafin hannu, a jikin bangon. Sai ya je gida ya zauna a gabanta ya dube ta, ya yi gwaji a takarda sau biyar ko goma, in na yarda sannan ya hau bango. Layin waje da ragowar baƙin fentin allo muke ja, ciki kuma a cika da launukanmu. Shekara da shekaru ana yi, har bangon ya cika daga ƙasa zuwa inda hannun dogon yaro ke kaiwa. Akwai ƙofar zaure ta katako mai ƙusoshi, akwai get na ƙarfe mai fenti, akwai wadda labulen buhu ne kawai. Babu biyu da suka yi kama.

Da Sama'ila ya kai aji uku, gwajin da ya kawo mini ba ƙofar gidan hayarsu ba ce. Ƙofa ce ta gwangwanin da aka buɗe aka daddale, da faci a kusurwar ƙasa, da igiya a madadin sakata. Na ce masa doka ita ce a zana abin da ake gani. Ya ce, "Malam, ina ganinta." Ta gidansu na ƙauye ce. Na bar shi ya hau bango.

Ranar rabon sakamako na jawo Malam Isiyaku na kai shi ɗakin. Ban nuna masa ba, shi ya samo ta da kansa a cikin ɗaruruwa. Ya tsuguna, ya kai yatsa kusa da ita bai taɓa ba. Ya ce, "Har da facin. Ni na yi shi da hannuna, shekarar da akuya ta fasa wurin." Ya daɗe a tsugune. Da ya miƙe ya ce, "Malam, nan za ta zamna?"

Na ce, "Nan za ta zamna."

Da na san abin da ke tafe da na ce in Allah ya so, kamar kowane mai hankali.

Zangon da ya biyo baya masu dubawa suka zo, su uku. Babbansu Alhaji Mannir, dattijo mai fara'a, da gilashi a kan hanci da jan biro a aljihu. Ba mugu ba ne, kada ka ɗauka labarin mugu nake ba ka. Da mugu ne da abin ya fi sauƙin haɗiya. Shugaban makaranta na lokacin, Alhaji Lawal, yana gaba yana nuna musu wurare, mu muna biye. A ajin kimiyya Alhaji Mannir ya tsaya gaban zuciyar da na kwana uku ina yi, ya ce ma sha Allah, ya tambayi malamin ko shi ya zana. Malamin ya ce, "E to, mun haɗa hannu." Ni ina tsaye a bayansa, jan fenti bai gama fita daga farcena ba. Aka ba shi maki cikakke a gurbin kayan koyarwa. Taswira ma haka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Da aka iso ɗakina Alhaji Mannir ya zauna a kujerata ya ce a kawo littattafan yara. Aka kawo masa ayyukansu, kowane yaro da jakarsa ta takardar siminti da muka ɗinke da zare. Ya buɗe ɗaya, ya buɗe biyu, ya buɗe ta uku.

"Malam Rabe, ina rubutun darasi?"

"Ranka shi daɗe, shi ne a hannunka."

"A'a, rubutu nake nuhi. Ma'anar zane. Ire-iren zane. Amfanin zane guda biyar. Abin da yaro zai karanta ya amsa tambaya, kai kuma ka sa jan biro da kwanan wata."

Na ɗauko masa butar Sama'ila ta aji ɗaya da wadda ya sake yi a aji uku, na ajiye su gefe da gefe. Na ce ya duba da idonsa ya ga ko an koyar da yaron nan ko ba a koyar ba. Ya duba, ya gyaɗa kai, ya ce lallai akwai bambanci. Sannan ya ce a makarantar da suka fito jiya, malamin zane ya cika wa yara littafi guda da rubutu, kowane shafi da sa hannu. Na san malamin. Yaransa ba su taɓa riƙe gawayi ba, amma sun haddace amfanin zane guda biyar.

Sai ya juya ya ga bangon. Ya tashi, ya cire gilashi, ya matsa. Ya bi ƙofofin nan a hankali kamar mai neman gidan da aka kwatanta masa. Can ya tsaya, ya ce, "Wagga ƙofa na san ta. A unguwar Ƙofar 'Yandaka take, gidan masu gyaran keke, kusa da gidan gwaggona. Ga ma dakalin." Murna ta kama ni, ba zan ɓoye ba. Na ce a raina yau dai an samu mai ido.

Ya dawo ya ɗauki fom, ya kira ni da hannu. "Malam, abin ya yi kyau, tsakani da Allah. Amma dubi nan." Ya nuna mini layin da yatsa. Bangon aji: da tsafta, ko babu tsafta. Akwati biyu ne, babu na uku.

Na ce, "To ka bar shi ba cikawa."

"Ba a barin gurbi. In na bari a maido mani da fom."

"Zuciyar da ke bangon ajin kimiyya fa? Ita ma a bango take."

"Waccan kayan koyarwa ce, tana da gurbinta. Tana koyar da zuciya. Wanga mi shike koyarwa?"

Ka san abin da na ce? Ban ce komai ba. Shekara talatin ina surutu a gaban yara, ranar da ake buƙatar bakina ya ƙi buɗewa. Amsar sai da na kai gida na cire hula sannan ta zo, har guda biyar, lokacin su sun daɗe da tafiya. Ya sa jan bironsa a akwati na biyu, ya ce mini Allah ya ƙara basira, kuma na tabbata da zuciya ɗaya ya faɗa.

Rahoto ya iso bayan sati uku. An yaba wa makaranta a kan tsaftar haraba da kayan koyarwa na bango. A darasin zane an ce babu shaidar rubutaccen aiki, ɗakin kuma cike yake da ƙasa da gawayi, bangonsa a ɓace. An ba da shawara a tsaftace shi a mai da shi ɗakin kwamfuta don manyan ɗalibai. Ka lura da kyau: duk abin da aka yaba a rahoton nan hannuna ne, abin da aka kushe ma hannuna ne.

Alhaji Lawal ya kira ni ofis. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi lafiyar iyali sau biyu, sannan ya ce masu dubawa za su dawo nan da sati biyu su ga ko an gyara, don haka a shafe bangon.

Na ce, "To, a shafe."

Ya ce, "Ai kai ne mai burushi."

Na miƙe tsaye. Na ce masa duwatsu na shafa, bishiyoyi na shafa, har bayan gida na shafa don baƙi, amma wannan sai dai ya nemo wani. Ya ce ba komai, ya fahimta, ba zai tilasta mini ba. Zai kira lebura gobe ya kankare bangon da ƙarfe, a bi da fentin mai, a huta gaba ɗaya.

Har na kai bakin ƙofa na tsaya. In aka kankare, shi ke nan, ko ƙura ba za ta rage ba. Sai muryar Malam Sada ta faɗo mini, da telan nan da masu kwanon fura. Na juyo na ce, "Ranka shi daɗe, bar leburan. Kankara za ta ci kwanaki, fentin mai kuma warinshi ba zai hita ba kahin baƙi su zo. Zan yi da farar ƙasa, gobe a gama." Ya ji daɗi ƙwarai, har ya ce ya san ni mai fahimta ne.

Ranar Asabar na zo ni kaɗai. Na kwaɓa farar ƙasa yadda aka saba, sannan na ƙara ruwa, na sake ƙarawa, har ta koma kamar tsinkakken koko. Ban sa ƙaro ba, ban sa gishiri ba, don ba na so ta kama sosai. Shafi ɗaya na yi, da tattausan burushi, ba dannawa. Farar ƙasa in tana ɗanya ba ta rufe komai, don haka ina gamawa ƙofofin suna nan suna kallona. Na zauna a kan bokiti. Da iska ta fara busar da bangon suka riƙa ɓacewa, daga sama zuwa ƙasa. Ta Sama'ila tana can ƙasa inda danshi ya fi daɗewa, ita ce kusan ta ƙarshe. Raina ya ɓaci ranar fiye da yadda zan iya rubutawa, don ban tabbata dabarar za ta ci ba, kuma ko ta ci, na riga na shafe abin da na ce zai zauna. Kafin in tafi na hau tsani na rubuta Ɗakin Kwamfuta a saman ƙofa, da haruffa masu kyau, don ban iya rubuta marasa kyau ba.

Masu dubawa suka dawo, suka ga bango fari fat, aka sa biro a akwati na farko. Kwamfutoci sun zo, ban ce ba su zo ba, kuma ba ni gaba da su. Ni na koma gindin bedi da yarana, inda za ka gaje ni. In iska ta taso ka sa kowa ya danne takardarsa da dutse.

Watannin nan na rani, in na hango Malam Isiyaku a hanya sai in shige lungu. Ni da furfurata, ina ɓuya wa ɗan acaba kamar wanda ya yi sata. Sau ɗaya ya ritsa ni, na hau, ya yi ta ba ni labarin Sama'ila da ya fara koyon rubutun allo a wani shago. Bai tambayi bangon ba. Ni ma ban faɗa ba, har ya sauke ni.

Da ruwa ya zauna sosai, aka yi kwana uku ana yi ba ƙaƙƙautawa, ina gindin baranda da yara sai ga Baba Audu maigadi da saurinsa, yana riƙe da bakin wando. Ya ce, "Malam Rabe, taho ka gani. Bangonka ya dawo."

Na je. Danshi ya ratso bangon gabas, farar ƙasa ta yi shara-shara, ga ƙofofin nan sun fito a bayan kwamfutoci, layi bisa layi. Ba su fito da kyau kamar da ba, sun yi dishi-dishi, amma kowace ana gane ta. Manyan ɗalibai sun bar kujerunsu, kowa na neman tasa.

Washegari na tsaya a bakin titi da gangan har Malam Isiyaku ya zo wucewa. Na tsai da shi, na gaya masa komai, ban rage ba. Ya kafe babur ya biyo ni. Ɗakin a kulle yake, sai ta taga muka leƙa. Na nuna masa can ƙasa, kusa da ƙafar tebur. Ya kare ido da hannu ya daɗe yana dubawa.

Ya ce, "Ashe tana nan. Ruhe ta kawai aka yi."

Na ce, "In rani ya yi za ta sake ɓacewa."

Ya ce, "Ba komai, Malam. Ta can ma haka muka baro ta, a ruhe."

To, Bishir, ga abin da ya sa na ɓata takarda har haka. Shugabanni biyu aka canza tun daga lokacin, fom kuwa yana nan da akwatinsa biyu. Duk shekara in ruwa ya ɗauke bangon yakan bar tabo, kuma duk shekara in aka ji masu dubawa na tafe, za a aiko a ce malamin zane ya je ya shafe. Bana kai za a aiko wa. Wani zai ba ka shawarar fentin mai, ya ce a yi sau ɗaya a huta. Ka ce masa wari zai dami baƙi. In kuma takardar nan ta faɗa hannun mai dubawa, to ya nemo gurbin da zai rubuta ta.

Butar tana cikin kabad ɗina, da rezar, da ragowar ƙaro a gwangwanin madara. Bokiti da tattausan burushin suna wurin Baba Audu. Kada ka sa ƙaro, kada ka sa gishiri, kada ka danna hannu. Shafi ɗaya. In ka kwaɓa ka ga ta yi kaurin da kowane mai fenti zai ce ta yi daidai, ka ƙara ruwa.